Mai Keke da Kujerar Direba

Duk layin ba wanda yake kiranta da wani suna sai Mai Keke, saboda keken ɗinkin da ta kafa a bakin tagar ɗakinta tun kafin a shimfiɗa wa titin kwalta. 'Yar gajeriyar mace ce. Idan ta zauna a bencin asibiti ƙafafunta reto suke yi kamar na 'yar makaranta, amma idan ta ɗora su a kan feda, maƙwabta ba sa buƙatar agogo. Ta ɗinka wa rabin unguwar kayan makaranta, ta rage wa sauran rabin wandunan da suka gada daga yayyensu. Ido ɗaya take yi wa mutum ta faɗi faɗin kafaɗarsa, kuma ba ta ɓoye wa kowa idan ya ƙara ƙiba.

Mijinta akawu ne a ofishin ruwa, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron tashin wani daga barci. A duk rayuwarsa sau ɗaya ya yi hauka, shi ne ranar da ya sayi mota a hannun wani tsohon injiniya da zai bar gari. Kuma ba irin motar da mai hankali yake saya ba. Koriya ce, kujera biyu tak, rufinta na tamfol, cikinta kamar zai shafi ƙasa, fitilunta sun firfito a gaba. Yaran layin suna ganinta suka sa mata Kwaɗo, sunan kuma ya bi ta.

Tun fitarsu ta farko Mai Keke ta kamu. Ba gudun ne ya tafi da ita ba, ba kuma kallon da mutane suke bin su da shi ba. Aikin ne ya burge ta: ƙafa ta danna, hannu ya tura, ƙafa ta ɗago, sai ƙarfe ya amsa. Ita da take wuni tana magana da inji da ƙafafunta, nan take ta ji cewa wannan ma yare ne da za ta iya. Kafin su dawo gida ta ce masa ya koya mata.

Ya ce, "To. Bari dai in canza kuloci, ya ɗan yi tauri."

Aka canza kuloci, sai ga ciki. Ya ce bari ta sauka lafiya. Ta sauka, sai ga goyo. Kafin a yaye ta fari ta biyu ta iso, kuma mota mai kujera biyu ba ta san da zaman iyali ba. Kwaɗo ta koma ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gida, ana fito da ita jefi-jefi, har ranar da ta yi tari ta yi shiru. Kaji suka mayar da ita ɗakin haihuwa. Shi kuwa duk Asabar zai ɗaga bonet, ya saɓa hannu a baya, ya daɗe yana kallon injin kamar mai gaida marar lafiya, sannan ya rufe a hankali.

"Baban yara, maganar koyon nan fa?"

"Tana nan. Ina yin ritaya zan tashe ta."

Da ya taɓa hana ta, da ta san abin yi, don Mai Keke ta iya faɗa. Amma ya ake faɗa da mutumin da kullum amsarsa "to"? Ya yi ritaya, gwiwa ta kama shi, daga gwiwa aka koma ƙirji, wata safiya ya tafi a hankali kamar yadda yake magana.

Bayan an kwana biyu 'ya'yan suka zauna a kan maganar motar. Auta ya ce a kira masu sayen tsohon ƙarfe. Babbar 'yar, wadda nas ce, ta harare shi har ya haɗiye sauran maganar. Maganar ta tsaya nan, sai da wata da ta kawo rage siket ta ba Mai Keke labarin wata cibiya da ƙanenta yake zuwa, inda ake tara samari da 'yan matan da makaranta ta kuɓuce musu ana koya musu sana'a. Ta ce har tsofaffin motoci suke karɓa kyauta, yaran su gyara, a yi gwanjonsu, abin da aka samu a ci gaba da riƙe wurin.

Mai Keke ta tsayar da keke. "Gyarawa suke yi har ta tashi? Ta yi tafiya?"

"Har ta yi tafiya, Inna."

Ranar da 'yan cibiyar suka zo jan motar da ta ba su, layin ya fito. Tayoyin sun zama kamar tsumma, wata kaza ta bi motar tana masifa har bakin titi. Mai Keke ta tsaya a ƙofa tana kallon sitiyarin yana juyawa shi kaɗai, ba kowa a bayansa. Matan layin suka dafa ta suna cewa, "Sai haƙuri, Mai Keke, Allah ya jiƙansa." Ta ce amin, kuma har zuciya ta faɗa. Amma abin da yake ranta a lokacin shi ne, ashe ko ba kowa ma sitiyarin nan yana juyuwa, ita ce dai ba a taɓa bari ba.

Garejin cibiyar wani tsohon sito ne mai dogon rufi, ƙasansa ya sha baƙin mai har yana ƙyalli, a bayansa kuma akwai filin ƙwallo da ciyawa ta cinye. Mai koyar da su wani ƙaton bakanike ne da yaran suke kira Baban Gareji. Tumbinsa yakan riga shi shiga ɗaki, kuma bai iya magana ba sai da ihu, ko da yabo zai yi. Shugabar cibiyar kuwa matashiya ce mai saurin hawaye da saurin ɗaukar hoto.

Mai Keke ta je sau ɗaya wai don ta ga inda aka ajiye motar. Ta koma wai ta manta laimarta. Zuwa na uku ba ta ma nemi dalili ba. Da ta shigo sai a rage rediyo, a goge mata benci, yaran su fara tafiya a kan yatsu. Shugaba ta dafe ƙirji ta ce, "Kaka, wannan soyayya taku abin a rubuta ce." Mai Keke ta dube ta, ta ga yarinyar tana jin daɗin tausayin nan ƙwarai, sai ta ƙyale ta.

Aikin ya ci watanni. Aka sauke inji, aka zare lagireton da ya zama rariya, aka kankare tsatsa har aka fara tsoron ko za a sami mota a ƙarƙashinta. Da aka zo kan kujeru, Baban Gareji ya ɗaga ɗaya, soso ya zubo kamar gari, haɗe da gashin kaza da kashin ɓera.

"Wannan kam sai mu nemi mai ɗinkin kujeru," in ji shi.

"Ga tela a zaune kana neman tela?" in ji Mai Keke.

Haka ta sami gurbi. Aka kafa mata keke a kusurwa, aka ba ta 'yan mata biyu da wani dogon saurayi da ake kira Falwaya, wanda ya zo koyon kanikanci amma aka gano hannunsa ya fi dacewa da almakashi. Ta koya musu yanka fata, da yadda ake bin layi ba tare da an ja ba, da yadda ake farke ɗinki ba tare da an yi kuka ba. Tare suka yi rufin tamfol, tare suka yi kujerar fasinja. Amma kunnenta yana can wajen Baban Gareji, wanda yake tsaye a kan yaransa yana ihu.

"Kuloci ba ƙofar gidanku ba ce da za ku sake ta ta bugu! A hankali ake ɗagowa, har ka ji motar ta ce maka ga ni. Sannan ka ba ta wuta kaɗan. Kaɗan na ce, ɗan nan, ba gobara ba!"

Mai Keke tana ɗinki, ƙafarta ta hagu tana ɗagowa daga feda a hankali. Falwaya ya taɓa cewa, "Kaka, kekenki yana tsallake." Ta ce masa ya kula da nasa layin.

Kujerar direba kuwa cewa ta yi za ta tafi da ita gida, ita kaɗai za ta yi. Ba wanda ya yi musu. Shugaba ma juya baya ta yi tana share ido.

A tsakar ɗakinta ta ajiye ta. Tsohon soson ya lotsa daidai jikin mai ita, dogon rami na dogon mutum. Ta zauna a ciki ta nutse, ta daɗe a haka, don ramin yana da wani abu na zaman kusa da shi. Daga baya ta miƙe ta jero silifa uku a gabanta, kuloci, birki, totur. Ta soka muciya a cikin bokitin wanki ta zama giya, ta ɗauko murfin babbar tukunya ta riƙe da hannu biyu. Ta miƙa ƙafa, ba ta kai silifan ba. Ta san tsawon motar daga kujera zuwa feda, ta auna da tef ɗinta tun a gareji, don haka ba ta matso da silifan ba, sai ta cusa filo a bayanta.

A haka babbar 'yarta ta same ta, ta dawo daga aiki da farin kaya: tsohuwa a ƙasa, murfin tukunya a hannu, tana ƙugi da baki tana canza muciya.

"Inna! Me kike yi haka?"

Mai Keke ta ga ba wurin ɓuya. "Tuƙi nake koya."

Nas ta ajiye jaka, ta durƙusa, ta rungume ta da murfin da komai. "Ayya, Inna. Na sani. Haka Baba yake zama, haka yake riƙewa. Mu ma muna kewarsa."

"Ke, tuƙi na ce miki nake koya."

"Na ji, Inna. Ki yi duk abin da zai sanyaya miki rai. Kin sha maganinki?"

Wato ko ta faɗa ba a ji. Daga ranar ba ta ƙara faɗa wa kowa ba. Ta zare tsohon soson ta naɗe shi ta sa a ƙarƙashin gado, don ta kasa zubarwa. Ta yanko sabo. Ita dai a aikinta ba ta taɓa yanka abu ba tare da ta gwada a jikin mutum ba, kuma a ɗakin nan jiki ɗaya ne. Ta zauna, ta ƙara soso a baya. Ta sake zama, ta ƙara a ƙasa don ta hango gaba. Ta ƙara wani a baya. Da ƙafarta ta taka silifar hagu har ƙasa ba tare da ta zame ba, sai ta ja fata ta rufe, ta bi ta da ɗinki biyu. A duk shekarunta ba ta taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

A gareji kuwa Kwaɗo ta farfaɗo. Ranar da injin ya fara tari, ya yi atishawa, ya tofar da baƙin hayaƙi sannan ya kama, yaran suka yi ta tsalle suna dukan juna, Baban Gareji ya yi ihun da ba kalma a ciki. Ya zauna a kan akwatin katako a inda kujera za ta zauna, ya zagaya fili da ita. Aka yi mata fenti, koren ya dawo kamar ganye bayan ruwa. Aka yi gwanjo, wani likitan haƙori daga wani gari ya saye ta, ya ce gobe da safe zai aiko babbar mota ta ɗauka.

Da yammacin ranar ƙarshe Mai Keke ta kawo kujerar a bayan a-kori-kura. Ta san lissafin: yau ne kawai. Gobe Kwaɗo za ta tafi gidan wani, ita kuma ta koma bakin taga.

Shugaba ta shirya komai. Za a ɗaura kujera, Baban Gareji ya ja, Kaka ta zauna a gefe kamar da, a zagaya fili, a ɗauki hoto. Yaran suka ɗaure kujerar da noti, don motar ba irin ta yanzu ba ce da ake ja da kujera gaba ko baya. Shugaba ta buɗe ƙofar fasinja tana murmushi. Mai Keke ta tsaya riƙe da jakarta, ta ce bari direba ya fara shiga.

Baban Gareji ya zura ƙafa ɗaya, ya juya, ya sauke kansa. Tumbin ya sami sitiyari, hon ya ɗauka. Ya ja numfashi ya matse ciki, hon ya yi shiru, ya saki, hon ya sake ɗauka. Yaran suka juya baya, kafaɗunsu suna rawa.

"Wanda ya yi dariya zai wanke gareji! Ku zaro ni!"

Aka zaro shi. Falwaya ya gwada, gwiwoyinsa suka tokare kusa da kunnuwansa, kansa ya wuce gilashin gaba kamar mai leƙen katanga. Wata daga cikin 'yan matan ta shiga, ita ma sai da ta karkace.

"Kai, ko kun ɗaura ta ba daidai ba?" in ji Shugaba.

Baban Gareji ya matso kusa da kujerar. Ya durƙusa da ƙyar, ya danna soson da babban yatsa, ya auna kaurin bayan kujerar da tafin hannu, ya auna daga bakinta zuwa feda. Ya shafa ɗinkin. Sannan ya ɗago ya dubi Mai Keke daga ɗankwali har silifa, irin kallon da ita take yi wa masu kawo ɗinki. Karo na farko tun da ta san shi, ya yi magana ba ihu.

"Inna, wa kika gwada?"

Ta gyara riƙon jakarta. "Wanda na samu."

"Kin iya?"

"Ina zan iya? An ce za a koya min."

"Yaushe?"

"Kafin a haifi wadda ta haifi waɗannan," in ji ta, ta nuna yaran da haɓa.

Shugaba ta sauke wayarta. "Kaka, wai duk zuwan nan da kike yi..."

"'Yar nan, mijina ina kewarsa a gida, safe da yamma, ba sai na hau mota na zo nan ba. Nan wani abu ne ya kawo ni."

Baban Gareji ya sosa ƙeya. Ya dubi fili, ba kowa sai akuya ɗaya a can gefe. Ya ce dole a farke kujerar nan kafin safiya a rage soso, in ba haka ba likita zai dawo musu da motarsu. Mai Keke ta ce ta sani, ta zo da rezarta. Ya ce to, tunda farkewa za a yi, ai asara ne a farke abin da ba a taɓa zama a kai ba.

Ta miƙa wa Shugaba jakar. Ta cire silifa ta ajiye a gefe, don ba ta taɓa taka feda da takalmi ba. Ta shiga. Kujerar ta karɓe ta kamar rigar da aka ɗinka mata, ƙafafunta suka sauka daidai inda ya kamata. Sitiyarin ya fi murfin tukunya siranta, ya kuma fi shi sanyi.

Ta murɗa makulli, motar ta ce ƙyat, ta yi shiru. Batir ya ƙare a wajen nuna wa masu gwanjo fitila da hon.

"Ba komai, turi za mu yi!" Ihun ya dawo. "Inna, danna kuloci har ƙasa. Sa giya ta biyu. A'a, ke wa ya nuna miki? To shi ke nan. In na ce saki, ki ɗago. Tana kamawa ki sake dannawa ki jira ni in shigo. Kin ji? Ki jira ni! Kai, ku zo nan, har ke Shugaba, ajiye wayar nan!"

Suka dafa. Ciyawa ta fara wucewa a hankali, sannan da ɗan sauri. Tana jin numfashinsu a bayanta, da muryar Falwaya yana cewa, "Kaka, kar ki kunyata sashen ɗinki!"

"Saki!"

Ta ɗago ƙafa a hankali. Motar ta yi tsalle, ta yi tari, ta girgiza ta har haƙora, sannan wani abu ya kama a ƙarƙashin tafin ƙafarta, mai rai, yana jira. Ta ba shi wuta kaɗan.

Ba ta jira kowa ba. Ba da gangan ba ne, ko kuma dai ba duka ba. Ihun Baban Gareji ya yi ta ƙanƙancewa a baya. Iska ta ja ɗankwalinta ta bar shi a wuya. Filin da take gani shimfiɗaɗɗe daga bakin gareji ashe duk rami ne da tudu, sitiyarin yana fizga kamar yaro mai ƙiwa, akuya ta yanke shawarar tsallakawa sannan ta fasa. Injin ya fara kuka sama-sama, kunnenta ya gane kukan tun kafin kanta ya tuna, ƙafa ta danna, hannu ya tura, giya ta uku ta shiga da 'yar ƙara. Ta ji wani sauti yana fita daga bakinta, ba ta san ko dariya ba ne.

Katangar ƙarshen fili ta taso. Ta danna kuloci, ta taka birki da ƙarfin da ya sa goshinta ya kusa gaida gilas. Motar ta tsaya, injin bai mutu ba.

Ta zauna tana haki, hannuwanta sun ƙi sakin sitiyari. Sai a lokacin ta iya juya kai ta dubi gefe. Tun daga bakin gareji har nan, ko ƙiftawa ba ta yi ba, balle ta kalli wani wuri. Ashe haka abin yake cin ido. Shi kuwa mijin nata, a kan titi, cikin motoci da kekuna, rabin tafiyar fuskarsa tana wajenta, yana kallonta yana murmushin nan nasa marar dalili, tana ce masa ya dubi hanya kar ya kashe su. Ta daɗe tana kallon kujerar da ba kowa. Kusa take ƙwarai, ko hannu ba sai an miƙe ba.

"Da ka koya min," ta ce a hankali, "ai da ka huta ka yi kallonka da hujja."

Baban Gareji ya iso yana jan ƙafa, ya kife a kan ƙofar fasinja, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya buɗe baki zai yi ihu, numfashi ya ƙi zuwa.

Mai Keke ta goge ido da bakin ɗankwali, ta mayar da hannu kan giya.

"Shigo ka zauna, ɗan nan, kafin ka faɗi. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Ina ribas yake?"